Gudun da Baba Bai Yi Ba

Mai shayin bakin layi ne ya raɗa wa Baba suna Jirgi. Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, idan ya fito shan hantsi sai ya kafa sanda, ya jefa ƙafar dama, ya tsaya ya huta, sannan ya janyo ta hagu tana sharar ƙasa. Da mai shayi ya hango shi sai ya ce wa masu zama a benci, "A ba da hanya, Jirgi ya taso." Kafin ya iso, wanda aka zuba wa shayi ya shanye ya kama gabansa. Baba bai taɓa jin haushi ba. In ya samu ya zauna, yakan ce da bakinsa da ya ɗan karkace, "Ku yi haƙuri, hadari ne ya tsare mu a sama."

Tela ne a da. Ƙafar nan da ta ƙi tafiya ita ce ta yi shekara da shekaru tana taka keken ɗinki har 'ya'yansa biyu suka zama mutane. Babban, wanda kowa a gidan ke kira Yaya, yana da shagon kayan gyaran mota a cikin kasuwa. Ƙaramar, Auta, malamar Turanci ce a sakandare, kuma tana zaune tare da iyayen.

Auta ce ke kai Baba asibiti gashin ƙashi duk mako. Ta san yadda ake tsallaka titi da shi: ta riƙe masa damtsen hagu, ta ɗaga ɗaya hannun ta tsayar da motoci, su yi ta danna mata ham tana yi kamar ba ta ji. Ranar da abin ya faru tana tsaron ɗalibai a ɗakin jarrabawa, don haka ta roƙi Yaya ya kai shi. Ya yi ƙunƙuni, ya ce kaya za su iso masa shago da safen nan, amma dai ya zo ya ɗauke shi.

Sai da aka karɓi takardun yara ta kunna wayarta. Kafin ta isa asibitin an riga an rufe Baba da farin zane. A ƙofar asibitin mota ta buge shi, bayan an gama gashin sun fito. Da hannu aka ɗauke shi aka koma da shi ciki, rai ya yi halinsa tun kan a kai shi gado.

Abin da Yaya ya faɗa wa kowa shi ne, ya zaunar da Baba a dakalin bakin ƙofa, ya tsallaka ya tare musu tasi. Yana cikin magana da direba, ya ba titi baya, sai ya ji ƙara. Bai ga komai ba. Haka ya faɗa wa 'yan sanda, haka ya faɗa wa Umma, haka ya yi ta maimaita wa masu zuwa gaisuwa, idonsa a ƙasa.

Bayan wasu watanni aka shiga kotu. Ɗaki ne mai zafi, fankar sama na juyawa da ƙyar, benci ya sha gugar jiki har yana sheƙi. Wadda ta buge Baba mace ce da ba ta wuce sa'ar Auta ba, ma'aikaciya a wani babban kamfani, sanye da tufafi marasa kwalliya, hannunta riƙe da hankici. Ba ta jin Hausa sosai, saboda haka da Turanci ta yi bayani, tafinta na tsaye a gefe yana juya wa Umma da sauran jama'a.

Ta ce tana tafiya a hankali, domin ta san gaban asibiti ne. Lauyanta ya tambaye ta daga nan sai me. Ta ce, "He darted into the road."

Tafinta ya yi jim, ya dubi rufin ɗakin kamar can ya ajiye fassarar, sannan ya ce, "Ta ce dattijon ya yi wuf ya faɗo titi a guje."

Wani maƙwabcinsu da ke bencin baya ya yi wata 'yar dariya ta hanci, ɗan sanda ya harare shi. Alƙali bai ɗago ba. Auta tana kallon alƙalaminsa yana tafiya a kan takarda, ta san kalmar ce yake rubutawa. Lauyan matar ya sake nanata ta, ya ja ta a bakinsa kamar mai ɗanɗana zuma, matar ta gyaɗa kai. Lauyan gwamnati, wanda shi ne ke tsaye a ɓangarensu, yana can yana jujjuya fayil ɗin wata shari'ar daban.

Da suka koma gida Umma ta zauna a bakin gado ba ta ko cire mayafi ba.

"Auta, wannan abin da ta faɗa, wanda mutumin ya yi ta maimaitawa. Mene ne ainihinsa? Na ga fuskarki ta canja tun kafin tafinta ya buɗe baki."

"Ai ya faɗa miki, Umma."

"Shi ya faɗa mini nasa. Ke nake tambaya. Ba abin da kike koyarwa ba ke nan?"

Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarta. "Asalin kalmar sunan wata 'yar kibiya ce da ake jifa da hannu. In aka ce abu ya yi haka, ana nufin ya zabura farat ɗaya, da sauri, ba zato ba tsammani. Ba a cika faɗa wa abu mai nauyi ba. Kifi a ruwa ake faɗa wa, ko ƙadangare in ya ga an ɗauki dutse, ko yaro ƙarami da ya kufce daga hannun uwarsa. Ko ɓera."

"Ɓera," in ji Umma. Ta dubi ƙofar ɗaki. "Mutumin da ni ke sa masa takalmi."

Ta tashi ta shiga kicin, Auta tana jin ta tana wanke tukunyar da aka riga aka wanke.

Tun daga ranar kalmar ta tsaya wa Auta a rai. A ɗakin malamai ta jawo babban ƙamus ta karanta abin da ta riga ta sani, ta bi misalan ɗaya bayan ɗaya: tsuntsu, zomo, harshen maciji, idon mai jin tsoro. Ta ga wayon da ke cikin zaɓin. Da an ce Baba gudu ya yi, ai mai gudu ana hango shi daga nesa, a tambayi direba me ya hana ta taka birki. Da an ce gaggawa ya yi, gaggawa ba ta hana a ga mutum. Wannan kuwa ta haɗa sauri da bazata wuri guda, ta ɗauke laifin ɗungurungum daga kan sitiyari ta aza wa mamaci, wanda ba zai tashi ya ce ƙarya ne ba.

Ta je ofishin lauyan gwamnati, wani ɗan ƙaramin ɗaki da fayiloli suka cinye kujerun baƙi. A tsaye ta yi masa bayani. Ya saurare ta yana shan ruwan roba.

"Malama, na ji ki. Amma kotu ba aji ba ce. Alƙali ba zai ɗaure mutum don ta yi kuskuren zaɓen kalma ba."

"Ba kuskure ba ne, Barista. Mahaifina ba ya iya ɗaga ƙafarsa daga ƙasa. A kira likitansa ya faɗa."

"Likita zai ce yana da ciwon ƙafa. Lauyanta zai tambaye shi, kana wurin? Ya ce a'a. Shi ke nan, an gama da shi." Ya murɗa murfin robar. "Ki kawo mini wanda ya gani da idonsa. Ita ta ce ta gani. Ku kuwa ɗan'uwanki ya ce ya juya baya. In babu mai ƙaryata ta, maganarta ce za ta zauna."

Ranar Asabar da hantsi Auta ta koma ƙofar asibitin, karon farko tun rasuwar. Dakalin na nan, wata mata na zaune a kai tana ba jariri nono. Ta tambayi mai gadi, ya ce ranar ba shi ke aiki ba. Ta tambayi direbobin tasi, kowa ya ce bai daɗe da fara tsayawa a wurin ba. Har ta juya za ta tafi, wata dattijuwa mai sayar da lemo da ayaba a ƙarƙashin lema ta yafito ta.

"Ke ce mai kawo tsohon nan mai sanda ko? Na shaida ki. Ke ce mai tsayar da motoci kamar 'yar sanda. Zauna, 'yata. Ya haƙuri?"

Auta ta tsuguna gefen faranti. "Inna, kin ga abin da ya faru?"

"A gabana aka yi."

"An ce a guje ya faɗo titi."

Dattijuwar ta ajiye wuƙar da take fere lemo. "Wa ya ce? Da wace ƙafar? Ai sai da ya ci rabin titi yana jan jiki. Makaho ma ya gan shi. Motar tana can nesa lokacin da ya sauka, ina ta jira in ji ta rage gudu, ban ji ba."

Auta ta matso kusa da ita. "To me ya tashe shi daga dakalin? Shi kaɗai ba ya tsallaka titi."

"Ai kiran sa aka yi. Wani ne a wancan hannun, tsaye jikin tasi, yana ɗaga masa hannu yana nuna masa agogo. Har nan ina jin muryarsa. Baba yi sauri mana, Baba mutane na jira na. Tsohon ya dubi hagu ya dubi dama, ka ga dai ba ya so, amma ya sauka. Ni na ɗauka direban tasin ne, har na ce a raina wannan ba shi da ta ido. Sai da abin ya faru na ga ya faɗi a kansa yana kuka."

Auta ta dubi ɓawon lemon da ke ƙasa. Ta ce, "Za ki faɗi haka a kotu?"

"Ni? 'Yata, wurin nan da kike gani na, ba da izini nake zaune ba, kawar da kai ake yi. Ranar da na shiga bakin hukuma, washegari farantin nan a bayan mota zai kwana. Jikoki gare ni. Ai shi mutumin ya fi ni gani, yana fuskantar motar. Ku neme shi."

Daga nan shagon Yaya ta wuce. Ta same shi shi kaɗai a bayan kanta, tsakanin kwalayen fulogi da belin injin da ke rataye, yana goge wani ƙarfe da tsumma. Ya ga fuskarta, ya ajiye ƙarfen.

"Daga ƙofar asibiti nake, Yaya. Na yi magana da mai lemo."

Bai tambaye ta wace mai lemo ba. Ya zagayo ya janyo ƙofar shagon rabi, ya zauna a kan wani kwali.

"Mai tasin ne ya ƙi juyowa," ya ce. "Ya ce in ba za mu hau ba zai tafi. Ga mai kawo kaya yana ta kira na. Na duba titin na ga da sauran sarari. Cewa na yi zai iya."

"Ka ce wa kowa ka juya baya."

"Me kike so in ce? In tsaya gaban Umma in ce ni na kira shi?"

"Ka ga motar?"

"Na gan ta. Kan matar a sunkuye yake, wani abu take dubawa a cinyarta, waya ce ko mene ne. Ba ta ɗago ba sai da ta ji ta taka abu." Ya share fuska da tsumman, ya bar baƙin mai a goshinsa. "Da na ga ba za ta tsaya ba na yi masa tsawa. Ya ji ni. Ya ɗaga sandar daga ƙasa, Auta, ya yi ƙoƙari ya yi sauri. Tun da ya kwanta ciwo ban ga ya yi yunƙuri irin wannan ba. Taku ɗaya ya samu."

Auta ta matsa ta tsaya a gabansa.

"To ka je ka faɗa. Kai kaɗai ne za ka iya cire masa wannan kalmar. An rubuta cewa ubanmu ya faɗo titi kamar ɓera, kai kuma ka san da idonka ba haka aka yi ba."

"In na faɗa, tambayar farko da lauyanta zai yi mini ita ce me ya sauko da shi daga dakali. Ta biyu, me ya sa na yi wa 'yan sanda ƙarya. Ni za a mayar mai laifin, ita ta fita fes. Umma tana zaune tana ji ta bakin tafinta." Ya ɗago ya dube ta karo na farko. "Ta rasa miji. Kina so ta rasa ɗa? In kin ga za ki iya, je ki faɗa mata da kanki. Ba zan hana ki ba."

Wani mai saye ya leƙo yana tambayar ko akwai fitilar baya. Yaya ya tashi ya ce akwai. Auta ta raɓa ta gefensa ta fita.

Sau da yawa a makonnin da suka biyo baya ta buɗe baki za ta gaya wa Umma. Takan same ta tana ninke kaya ko tana tsince shinkafa, ta zauna kusa da ita, sai Umma ta riga ta da cewa, "Yayanki ya aiko da maganin hawan jinina, Allah ya yi masa albarka. Yaron nan abin ya taɓa shi fiye da kowa, a gabansa aka yi." Sai Auta ta ce amin, ta tashi.

Ranar yanke hukunci Yaya bai zo ba, ya ce yana da zazzaɓi. Alƙali ya karanta abin da ya rubuta da murya ɗaya, ba hawa ba sauka. Ya ce babu shaidar da ta saɓa wa bayanin wadda ake tuhuma, cewa marigayin ya shigo titi ta yadda babu direban da zai iya kauce masa. Ya yi amfani da kalmar nan tata, yanzu ta zama tasa. Ya sallame ta. Tafinta ya juya wa Umma, wannan karon bai ko dubi rufi ba.

A barandar kotu matar ta tsaya jiran a kawo mota. Da ta ga su Umma sai ta matso, idonta jajir, ta ce da gurɓatacciyar Hausa, "Mama, yi haƙuri." Umma ta gyaɗa mata kai ta wuce. Auta ta tsaya. Da Turanci ta yi mata magana, a hankali, yadda take yi wa ɗalibar da ta kama da satar amsa. Ta ce shari'a ta ƙare, babu abin da zai same ta yanzu, abu ɗaya take so ta sani: a ina ta samo wannan kalmar?

Matar ta murza hankicinta. Ta waiga ta ga lauyanta yana can yana waya. Ta ce ita abin da ta fara gaya masa shi ne ba ta gan shi ba sam. Lauyan ya ce kada ta kuskura ta faɗi haka, domin wanda bai gani ba, bai duba ba ne. Ya ce in ba ta gan shi ba, to lalle da sauri ya shigo, ya ba ta kalmar, ya sa ta yi ta maimaitawa a ofishinsa har ta zauna mata a baki.

"Yanzu har ganin sa nake yi yana gudun," ta ce. "Ban san ko na gani ba ne ko ban gani ba."

Auta ta ce mata mutumin da sanda yake tafiya, kuma kafin ya tsallaka falon gidansu ruwan zafi yakan huce. Matar ta buɗe baki, motarta ta iso, lauyan ya kira ta. Ta shiga kujerar baya, wani ne ke tuƙa ta.

A tasi, da suka kusa gida, Umma ta ce, "Me kika tsaya gaya mata?"

"Ba komai, Umma. Gaisawa muka yi."

"Allah ya isar masa. Can ba a buƙatar tafinta." Ta gyara mayafinta. "In kin huta ki dafa wani abu mai ruwa-ruwa ki kai wa Yayanki. Tun da abin nan ya faru ba ya cin abinci, duk ya zube. Ku biyu kuka rage mini."

Auta ta ce to. Ta dafa, ta zuba a kula, ta kai har ƙofar gidansa. Matarsa ce ta buɗe, ta ce yana ciki a kwance, ta shigo mana. Auta ta miƙa mata kular, ta ce tana da takardun yara da ba ta duba ba, a gaishe shi da jiki.